Gora, Fitila da Ramin Kashin Shanu

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da na shiga ramin kashin shanu da ƙafata, babu wanda ya tura ni.

Ni mutumin Kebbe ne. Na fi shekara ashirin ina haƙar rijiya. Sau biyu ƙasa ta rufta da ni, sau biyu aka tono ni, ko uhum ban ce ba. Ban yi boko ba, magana ma ba ta dame ni ba. Da gwiwa ta fara ciwo na bar rijiya, na kama aiki a gonar wani Alhaji tsakanin Tambuwal da Jabo, inda ake kiwon shanun tatsa.

A bayan garken akwai wani ƙaton rami, zurfinsa ya fi tsayin mutum biyu. Duk wankin garke nan yake gangarawa, kashi da fitsari da ruwa. Da rani samansa ya bushe ya yi ɓawo kamar ƙanzon tukunya, ciyawa ta tsiro, kaji suna kiwo a kai. Baƙo zai rantse fili ne. Taki ne mai kyau, amma sai an dama shi kamar fura kafin inji ya iya zuƙo shi zuwa gonar albasa. Da me za a dama? Nan gardamar take.

Alhaji ya kira malamin gona. Malamin gonar kuwa surukina ne, mijin babbar ɗiyata. Ni da shi sai gaisuwa: yana durƙusawa, ina kallon gefe. Tun da aka ɗaura auren bai taɓa kallon idona ba, ni ma ban taɓa kiran sunansa ba.

Muka zauna gindin dogon yaro, da Alhaji, da shi, da Buba makiyayi. Surukina ya ce hanya biyu ce. Ko injin ban ruwa ya zuƙa ya mayar da ƙarfi ta tiyo, amma namu ƙarami ne, karmami zai toshe shi. Ko kuma a ɗauko tarakta mai doguwar farfela a bayanta, a zura farfelar daga baki, kowa ya tsaya nesa ta inda iska ke tasowa. Shi farfela ya zaɓa.

Alhaji ya ce, "Yaushe za ta zo?"

"Tana Sakkwato, Alhaji. Sai bayan mako guda."

"Albasa ba ta san mako ba."

Nan bakina, da ba ya buɗewa sai da dalili, ya buɗe babu dalili. Na ce, "Ku ba ni gora da manjagara da tsani. Kafin azahar na gama."

Buba ya yi dariya. "Mai rijiya, wagga ba rijiyar Kebbe ba ta. Shanuna sunka cika ta, na san abin da sunka ci."

Surukina bai yi dariya ba. Ya dubi takalmin Alhaji, ya ce, "Alhaji, a gaya wa Baba, akwai iska mai guba ƙarƙashin ɓawon nan. In aka fasa take fitowa. Warinta kamar ruɓaɓɓen ƙwai. In mutum ya daina jin warin, ba tafiya ta yi ba, hancinsa ta kashe. Saura shi."

(Ina zaune kusa da shi, amma ta hannun Alhaji saƙon ya biyo. Haka kunya take.)

Abin ya sosa ni. Ni za a koya wa iskar rami? Mu masu rijiya muna da gwajinmu tun kakanni: a kunna fitila a zura da igiya. In ta mutu, kada ka shiga. In tana ci, bismillah. Da safe na rataya fitilar ƙwai a bakin gora, na miƙa ta tsakiyar ramin, na ajiye a kan ɓawon. Ta ci lafiya lau. Na janyo ta na ajiye a gaban Alhaji.

Surukina ya ce wa takalmin Alhaji, "Fitila abin da ke sama ta gani."

Na yi kamar ban ji ba. Ranar kasuwar Tambuwal ce, babura suna ta wucewa a hanya. Ko ganye ba ya motsi. Na tuɓe riga, na bar wando, na shimfiɗa tsani a kan ɓawon na rarrafa har ƙarshensa. Na ɗaga gorar da na ɗaura wa manjagara na caka.

Sara na uku ɓawon ya fashe. Baƙin ruwa ya ɓullo yana ɓulɓul kamar tukunya a wuta. Wari ya doke ni. Na daure, na zura gora na juya, na sake juyawa. Idona ya fara yaji.

Akwai wani jan zakara da ya biyo ni yana tsattsagar tsutsa a bakin inda na fasa. Ina kallonsa ya ɗaga kai, ya yi taku biyu a karkace, ya kife. Bai ko shura ba.

Na ja numfashi. Babu wari. Ko kaɗan. Iska fes kamar bayan ruwan sama.

Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba. Kalma biyu ce ta dawo mini: saura shi. Kaina ya yi nauyi, bakin ramin ya fara juyawa. Na yunƙura in miƙe in gudu, na manta a kan me nake. Na taka gefen tsani. Ƙasa ta buɗe.

Na nutse har ƙirji. Tsanin na rungume, shi ya hana ni wucewa. Na laluba da ƙafa, babu ƙasa. Lokacin da rijiya ta rufta da ni, akwai abin turawa, akwai abin tonawa da farce. Nan babu komai sai ɗumi da santsi, da wani abu da ke jana ƙasa a hankali. Ga zakaran nan kwance dab da fuskata, idonsa a buɗe.

Sai na ji wata murya tana kururuwa, "Wayyo Inna! Inna ki zo! Na mutu!" Siririyar murya, kamar ta akuya a hannun mahauci. Na ɗan jima kafin na gane tawa ce. (Inna ta rasu tun ina da baƙin gemu.)

Masu zuwa kasuwa suka tsaya. Babura, mata masu ƙwaryar nono, har da mai kaji a keke. Buba ya sheƙo zai hau tsanin, surukina ya cafke shi ya wurgar gefe. "Kada kowa ya matso! Ku koma baya!" A raina na ce shi ke nan, yaron nan ya samu hanyar rabuwa da ni.

Ashe igiya ya aika a ɗauko. Ya yi mata zarge, ya ja numfashi daga nesa, ya rugo bakin ramin ya jefo. Ta farko ta faɗi kan zakara. Ta biyu ta same ni. Ya dube ni cikin ido, karo na farko a duniya, ya daka mini tsawa.

"Baba! Ɗaga kanka sama! Sa ta a hammata! Na ce hammata, ba wuya ba!"

Na bi umarni kamar sabon almajiri a makarantar allo. Buba ya ɗaura ɗaya bakin a wuyan bijimi ya tsula masa sanda. Igiya ta miƙe. Na ji kamar za a raba ni biyu. Ramin ya riƙe, bijimi ya ja, ramin ya riƙe. Can aka sasanta: bijimi ya samu ni, rami ya samu wando.

Haka aka ja ni a kan ciki har tsakiyar jama'a, babu komai a jikina sai abin da shanun Buba suka ci. Matan suka watse suna salati. Wani dattijo a kan babur ya ce, "Ba wanga na mai rijiyar Kebbe da ba ya tsoro ba?" Aka tabbatar masa shi ne. Surukina ya cire rigarsa ya rufa mini, fuskarsa tana kallon gabas.

Na yi amai har na gaji. Babu ɗan acaɓar da ya yarda ya ɗauke ni zuwa asibiti sai an wanke ni. Aka tayar da ƙaramin injin ban ruwan nan da aka ce ba zai yi aiki ba. Ya yi. Buba ne ya riƙe tiyo, kuma bai yi sauri ba.

Kwana biyu na yi a gado, kaina kamar ana daka a ciki. Ɗiyata ta kawo kunu. Ta ce mijinta bai gaya mata komai ba. Ba sai ya gaya mata ba, a kasuwa ta ji.

Bayan mako guda tarakta ta zo. Aka zura farfela daga baki, kowa ya tsaya ta inda iska ke tasowa. Ni na fi kowa nisa, ina bayan dogon yaro. Kafin azahar ramin ya damu sumul. Can sai ga wani abu ya taso yana zagaye a tsakiya. Da ƙura ta lafa Buba ya tsamo shi da gorata, ya ɗaga sama.

"Mai rijiya! A wanke maka, ko a kai wa albasa?"

Na ce a kai wa albasa.

Ni da surukina mun koma yadda muke, yana durƙusawa ina kallon gefe. Sai dai yanzu in na ji yana magana da takalmin wani, nakan matso in saurara, don na gane da ni yake. Fitilar tana nan rataye a ɗaki, ba ta yi mini ƙarya ba, abin da ba ta sani ba na tambaye ta. Tazuge kuwa, tun daga ranar ƙulli biyu nake yi masa.