Laisin da Akuyar Fadimatu

Jiya na bar cirar auduga a hawashata, gonar da hukuma ta yanka mini, ba don lalaci ba. Mai unguwa ne ya ce kowa ya hallara gindin dogon yaro, manyan baƙi za su zo daga birni su koya mana cin abinci. Mu da muka shekara hamsin muna kai loma hanci, ai dole mu gode.

Tun hantsi muke zaune, sai bayan azahar Landiroba ta iso. Mai Girma Afandi, Sarkin Ƙoshin Talakawa, ya sauko, tumbinsa a gaba, shi yana biye. Ya kafa allo, ya ce akwai wani sinadari wai shi laisin. Jiki ba ya yin sa da kansa, sai an ci, kuma shi ke gina tsoka ya sa yaro girma. Dawar da muke kisra da tuwo da ita, ɗan kaɗan gare ta. Yana cikin wake, kifi, ƙwai, nama da nono.

Maƙwabcina Sodangi ya ɗaga hannu. "Ranka shi daɗe, waken da na shuka bakin ruwa, mufattish, jami'in duba gonaki, ya sa an tuge shi."

"Wannan ba ofishina ba ne, ya zol, bawan Allah."

Sai idon Afandi ya faɗa kan Fadimatu, wadda mijinta ya rasu bara, goye da 'yarta Ma'u, ƙafafun yarinyar a kumbure, gashinta ya yi ja. Ya sa aka kwanto yarinyar, ya ɗaga ta kowa ya gani.

"Kun ga aikin jahilci! Ke, a ba ta nono safe da yamma, in ba haka ba ba za ta ga damina ba."

"Ana ba ta, Yallaɓai," in ji Fadimatu. "Har ta fara zama da kanta."

"Kwayyis! Madalla, a ci gaba."

"Nonon akuyata ne. Da safe mai unguwa ya aiko aka ja ta, wai kada gari ya ji kunya gaban baƙi. Ni ko ba ni da mai tsaya mini."

Daidai nan aka shigo da tire, nama yana tururi. Wallahi kunya ta kama ni, don da wuƙata aka yi fiɗa, ban kuma tambayi ko akuyar wa ce ba.

Afandi ya miƙa wa Fadimatu 'yarta, ya naɗe hannun riga, ya yi bismilla.

A dai yi masa adalci, mutum ne mai aiki da iliminsa. Laisin ɗin Ma'u na shekara guda, a zama ɗaya ya gama da shi, har da tsotsar ƙashi.