Yaƙin Dayyabu da Sifiku Biyar da Uwarsu

Da sunan Mai kowa mai komai muke buɗe tarihin gwarzon maza, Malam Dayyabu ɗan Hashimu mai gyaran keke, ɗan Tanko mai liƙin bokiti, ɗan Jatau wanda ya taɓa kwance agogon bango ya mayar da shi har ƙusoshi uku suka yi saura. Zuriya ce wadda ba ta taɓa ganin ƙarfe ta ja da baya ba, ba ta kuma taɓa karanta takardar bayani ba. Shi Dayyabu malamin lissafi ne a wata firamare a Funtuwa, bangon gabas na unguwar Jabiri, dodon 'yan aji huɗu, na Ramlatu ba ka fita sai ka karya kumallo.

Asalin wannan yaƙi kuwa, wata huɗu ke nan da aka kawo masa amaryarsa Ramlatu, 'yar farin Alhaji Mu'azu mai albasa na Bakori. Cikin kayan ɗakinta akwai na'urar sauti mai suna hom tiyata: ƙananan sifiku biyar, da uwarsu mai ƙaton ciki da ake kira wufa, da akwatin amfilifaya mai mulkinsu duka. Alhaji da ƙafarsa ya je Kano ya zaɓo ta. Amma ranar jere sai ta faɗa hannun rundunar Gwaggo Lantana, matan da suka yi jeren ɗakuna fiye da ɗari ba a taɓa cewa sun yi kuskure ba, domin babu mai iya faɗa musu. Suka jera sifikun cikin kabad ɗin gilas tsakanin tangaran, babba a tsakiya, ƙanana a gefe. Wufa suka ga tsayinta daidai tebur, suka lulluɓe ta da leshi suka ɗora mata furen roba. Wayoyi kuwa suka ce ƙazanta ne a ɗakin amarya, suka dunƙule su suka jefa saman wadirof. Tun daga ranar na'urar ba ta ce uffan ba.

Da Dayyabu ya je gaisuwar Salla Bakori, yana durƙushe, kansa a ƙasa, Alhaji ya tambaye shi ko na'urar tana aiki. Ina suruki zai ji cewa kyautarsa ta zama teburin fure? Sai bakin jarumi ya riga hankalinsa.

"Ai Baba, in aka kunna ta har ƙofar ɗaki rawa take yi."

"To madalla. Ranar Asabar ina da hanya ta Funtuwa, zan biyo bayan la'asar in ji da kunnena."

Kaico! A nan aka buga tambarin yaƙi. Ko dai ƙofa ta yi rawa ranar Asabar, ko Dayyabu ya zama maƙaryaci a idon surukinsa har ƙarshen rayuwa.

Ranar Asabar da hantsi, bayan ya sha koko da ƙosai bakwai, sadaukin ya ɗaura zanen matarsa a kan singileti, ya nemi izinin rushe jere. Ramlatu ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da ludayi ta ce, "Malam, in ka fasa mini faranti ɗaya kai da Gwaggo." Ya karɓi wannan sharaɗi mai nauyi da zuciyar maza. Ya kuɓutar da fursunoni biyar daga gilas, ya sauke fure, ya taka kujera ya janyo dunƙulen wayoyi, ƙura ta tashi, ya yi atishawa uku waɗanda masana tarihi suka ce an ji su har shagon mai shayi.

Takardar bayani ta faɗo gabansa, ya ture ta da ƙafa kamar yadda kakanninsa suka yi.

Gumurzun farko da wayoyi masu kai uku aka yi shi, ja da fari da rawaya. Ya leƙa bayan talabijin ya ga ramuka sun fi goma, ya soka kowanne inda Allah ya nufa, ya yi kabbara, ya kunna faifan bikinsu, wanda shi kaɗai ne faifan da ke gidan. Hoto ya fito, ga maroƙi yana wage baki, jijiyar wuya ta tashi, amma ko tari ba a ji. Ya sauya. Sauti ya zo, hoto ya gudu, allo ya yi shuɗi yana sanar da cewa babu sigina. Ya sake sauyawa, aka rasa duka biyun.

"Yau ko ni ko ke!" in ji Dayyabu.

A gumurzu na biyu ya gano wata baƙar waya mai faffaɗan baki, HDMI, wadda ke ɗauke da hoto da sauti a ciki ɗaya. Ya soka ta, ta ƙi. Ya juya ta, ta ƙi. Ya mayar da ita yadda take da farko, ta shiga. Wannan al'amari har yau malamai ba su warware shi ba.

Ana kiran azahar rundunar ta kasu: sifiku biyu a gaba, biyu a baya, ta tsakiya mai ɗauke da maganar mutane a ƙarƙashin talabijin. Sai aka tarar wayar baya ta hagu babu ita. Aka yi cigiya, aka ɗaga katifa, aka zazzage kwali. Can Ramlatu ta nuna taga da ludayi. Ashe da ita Gwaggo Lantana ta rataye labule. Jarumi ya kwance labule, rana ta shigo ɗakin amarya ba sallama, ya fere bakin wayar da haƙori, ya tofar, ya ɗaura. Ya kunna. Maroƙi ya yi magana daga bayan kujera, kalangu ya fito ta ƙarƙashin talabijin, wufa kuwa sai gurnani take ita kaɗai kamar injin markaɗe. Gumi ya jiƙa singileti. A nan ne, a ɓoye, da ya ga Ramlatu ta koma kicin, ya jawo takardar bayani da yatsan ƙafa ya saci kallon zanen da ke shafi na huɗu. Marubucin wannan tarihi bai so ya faɗa ba, amma amana ce.

Ana sallame la'asar nasara ta sauka. Ya ƙara bes, wato kaurin sauti, wufa ta yi nishi, tangaran suka kama kaɗawa a kabad, ƙofa ta yi rawa, wallahi ta yi.

"Sai ni ɗan Hashimu! Sai ni jikan Tanko!"

Bai rufe baki ba aka yi sallama. Ya yar da zane ya zura riga. Sai dai Alhaji Mu'azu ba ya shiga ɗakin 'yar fari, ko sunanta ba ya kira. Aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, Ramlatu ta gaishe shi daga nesa, ya amsa yana kallon bango. Dayyabu ya wangale ƙofa da taga, ya ƙure ƙara, ya danna rimot da hannu biyu.

Faifan ya ci gaba daga inda ya tsaya, daidai inda ake fito da amarya daga gidan ubanta. Ranar da aka yi wannan, Alhaji tun da rana ya bar gida ya tafi rumfarsa ta albasa, bai dawo ba sai da motoci suka tashi, don kada ya ji. Yau ga shi ya ji. Kukan Ramlatu ya fito ta gaba, ya fito ta baya, ta tsakiya ta kawo muryarta tar tana cewa, "Ku bari in ga Baba, don Allah ku bari in ga Baba," wufa kuma tana kawo kowace shessheƙa har cikin ƙirji.

Alhaji ya sunkuyar da kai. Ya cire hula, ya duba cikinta, ya mayar. Tausayi ya kama Dayyabu, ya rasa maɓallin da zai danna.

"Na ji," in ji Alhaji. "Tana aiki. Kashe ta."

Aka kashe. Masu ƙididdiga sun ce mulkin na'urar bai cika minti biyu ba. Alhaji ya share ido da hannun riga, ya ce ƙurar hanya ce. Sannan, ba tare da ya dubi kowa ba, ya ɗan matsa gefe a kan tabarmar ya ce, "Ke, zo nan ki zauna."

Ramlatu ta ajiye ludayi ta zo ta zauna. Sadauki Dayyabu, mai sifiku biyar, ya tsaya riƙe da rimot, har aka aike shi ya kawo ruwa.