Jakadan Goro Ya Yi Baƙo

Allah ya yi wa Agege gata da ya ba ta Alhaji Harisu, shugaban 'yan goro, wanda muke kira Jakada. Shekarar da soja suka koma bariki ya yi kwas na kwana uku a wani otal a Ikeja kan al'adun mutanen ƙetare. Ya dawo da satifiket, ya sa masa gilashi, ya rataye. Tun daga ranar, ko mai shayi ne ya gaishe shi sai ya gyara masa tsayuwa.

Kwatsam sai labari ya zo cewa wani Bature zai zo daga Faransa sayen goron yin lemo, tirela guda duk wata. 'Yan kasuwar da goronsu ya fara yamushewa a huhu suka sa rai.

Jakada ya tara su ya ce, "Kasuwancin intanashinal akwai haɗari. Bature ba ya son ƙazanta, ba ya son doguwar gaisuwa, kyauta kuwa cin hanci ce a wurinsa. Duk wanda ya miƙa masa goro, ba ni ba shi!"

Kwana biyu ana atisaye. Dattawa masu furfura suna koyon murmushi baki rufe, kada a ga jan haƙora. Aka kwashe huhunan goro kaf aka kai bayan masallaci, aka wanke sito, aka fesa turare. Jakada ya matse cikin kwat a zafin Legas, gumi har ƙeya.

Bature ya iso, aka yi musabaha daƙiƙa uku-uku yadda kwas ya tanada. Ya duba gabas, ya duba yamma, ba komai sai kujeru da furen roba. Ta bakin tafinta ya tambaya ina goron.

"Sai bayan jawabi," in ji Jakada, ya buɗe shafin farko cikin goma sha biyu.

A shafi na biyar baƙo ya nemi fita shan iska. A tsallaken titi Hajiya Zuliha, wadda Jakada ya ƙi gayyata wai ba ta da tsari, tana zaune tsakiyar goro tana tsinta. Ta ce, "Oga, sannu da rana," ta ɓare fari ɗaya ta miƙa masa. Ya tauna, ya yamutsa fuska, ya nemi ƙari. Kafin la'asar ciniki ya faɗa, tirela ta zama tata.

Wallahi na tausaya wa dattawan nan. Da suka tasa Jakada gaba kuwa, ko gezau. Ya gyara kwat ya ce, "Ni na yi komai daidai. Baturen ne bai yi kwas ba."