Sallau Ya Zaɓo Jirgi a Zanziba

A ƙauyen Rijiyar Gawo, can bayan Kazaure, akwai wani gida mai ƙofar langa-langa, mutum biyu ne a cikinsa sai jakuna uku. Babbar gidan ita ce Hajiya Kande, wadda ciwon gwiwa ya zaunar amma bai taɓa mata baki ba. Sai ƙaninta Sallau, wanda ta goya tun rasuwar mahaifiyarsu, ga shi yau har da furfura a gemu. Sana'arsa jakuna, ya saya, ya yi dako da su, ya sayar. Sallau ba ya ƙarya, ba ya gajiya, ba ya kuma ƙara wa magana gishiri ko ya rage mata. Yadda ka faɗa masa haka zai aikata, ko da kai mai faɗar ba haka kake nufi ba. Mutanen gari suna ce masa wawa. Hajiya Kande kuwa cewa take, "Ku ne ba ku iya magana ba."

Wata rana da damina ta sauka, Hajiya ta miƙa masa ƙwaryar iri ta ce, "Je ka shuka gero, in ka gaji ka dawo." Sallau ya saɓi sungumi. Kafin hantsi ya shuke gonarsu tas, ya tsaya ya saurari jikinsa, bai ji gajiya ba. Sai ya tsallaka gonar Liman, wadda aka ware wa gyaɗa, ya shuke ta. Ya koma gida ya ƙaro iri, ya shuke ta mai unguwa, ya shuke filin ƙwallon makaranta. Da la'asar aka tarar da shi yana saran rami a gefen titi. Liman ya ce, "Sallau, wa ya aike ka?" Ya ce, "Allah gafarta Malam, ban gaji ba ne." A shekarar ba a buga ƙwallo ba, amma malaman makaranta sun sha fura har bazara.

Wata rana Zulai, 'yar Hajiya da ke aikin jinya a Abuja, ta zo ganin gida da mijinta Injiniya Nafi'u. Tana nuna wa mahaifiyarta hotuna a waya sai suka faɗa kan wani farin tudun yashi a tsakiyar teku, kusa da tsibirin Zanziba. Zulai ta ce ruwa yakan rufe shi ruf, ya sake buɗe shi, kullum haka. Hajiya ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wurin da Ubangiji yake wankewa da kansa. Da zan samu in yi sallah ɗaya a nan kafin gwiwoyin nan su gama da ni." Bayan wata uku sai ga tikiti daga Zulai. Hajiya ta ce ba inda za ta ba Sallau. Injiniya ya gyara zaman tabarau, ya yi gyaran murya, don shi ko gishiri zai nema a miƙo masa sai ya yi gyaran murya.

"Ehem. Hajiya, a kimiyyance, tafiya da Kawu akwai haɗari."

"A kimiyyance ko a Hausance, ƙafata ƙafarsa."

A cikin jirgin sama Zulai ta ɗaura wa Sallau bel ɗin kujera ta ce, "Kawu, kada ka kwance sai na ce." Da aka sauka hankalinta ya tafi kan gwiwoyin Hajiya. Sai da suka kai wajen ɗaukar kaya suka ga su uku ne. Sallau na can zaune a jirgi shi kaɗai, masu shara suna roƙonsa da harsuna uku, shi kuwa yana yi musu murmushi yana nuna bel.

Wata rana, kwanansu biyu a tsibirin, suka fita bakin teku bayan azahar. Injiniya ya tara takalmansu ya danƙa masa. "Ehem. Kawu, tsaya nan daidai bakin ruwa ka riƙe mana." Sallau ya tsaya, ruwa na lasar yatsunsa. Jim kaɗan ya duba ya ga ruwan ya ja baya taku biyu, sai ya bi shi taku biyu. Ruwa ya ƙara ja, ya ƙara bi. Shi dai an ce bakin ruwa. Su Zulai suka gama yawo suka nemi Kawu suka rasa, sai wani ɗigo can nesa rungume da takalma. Suka koma otal ba takalmi, Injiniya yana tsalle a kan tsakuwa yana "wash, wash" kamar ɗan akuya ya taka garwashi. Dab da magariba ruwa ya juyo, ya rako Sallau har inda ya ɗauke shi. Ya shigo ya ajiye takalma a jere ya ce, "Yaya, ashe ruwan nan kiwo yake zuwa ya dawo."

Saura kwana biyu su koma gida ba a je tudun yashin ba, dalilin kuwa a fili yake. Jiragen ruwan da ke kai masu yawo can suna tsayawa ne cikin ruwa, mai shiga sai ya kutsa har ƙugu, sannan ya hau tsanin ƙarfe igiyar ruwa na jijjiga shi. Hajiya ta zauna ta kalli yadda wata Baturiya mai jini a jika ta zame sau biyu, ta dubi gwiwoyinta, ta ce, "Mu haƙura, ai na ga teku." Sallau dai ya lura ba ta taɓa abincinta ba.

Injiniya ya baje takardun masu jirage a kan tebur, ya ɗora yatsa a kan wani fari fat mai inji biyu da kiɗa. "Ehem. Minti ashirin mun isa. A kimiyyance babu na biyunsa."

Hajiya ta ce, "In za a je, Sallau ne zai zaɓa."

Injiniya ya yi dariya har tabarau ya zamo. "To Kawu, bismilla. Ka zaɓo mana yadda kake zaɓen jaki a kasuwar Mai'aduwa."

Sallau ya ce, "To."

Sai kuma ya koma inuwa ya zauna. Aka ce ya tashi mana, ya ce ba a duba jaki da safe yana cikin hutu, sai ya wuni yana aiki a ga yadda zai dawo. Da la'asar sakaliya jirage suka dawo, ruwa ya janye ya bar su kwance a kan yashi. Sallau ya miƙe, Zulai ta bi shi don ta yi tafinta. Ya fara da farin jirgin. Mai shi, wani mai baƙin gilashi da sarƙa a wuya, ya taro su hannu a buɗe yana kiran Sallau abokinsa da Turanci, "Mai firen! Mai firen! Alhaji!" Sallau bai kalli fenti ba, don akumari mai kyau shi ke ɓoye gyambo. Ya ɗaga katifun zama, ya durƙusa ya leƙa ƙasa, ya kai hannu zai ɗaga katakon ciki, sai Mai Firen ya dafe wurin da ƙafa, fara'ar ta ɗauke. Sallau ya kaɗe hannu. "Jakin da mai shi ya hana a buɗe bakinsa ba a saye. Mu je, Zulai."

Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana ƙwanƙwasa ciki, yana shinshina inji, yana leƙa fuskokin waɗanda suka sauko. A can ƙarshe suka iske wani baƙin jirgin katako, mai faɗi, gajere, da doguwar sanda da ƙaton ƙyalle naɗe a jikinta. Wani dattijo mai suna Makame yana tsugune yana cusa auduga a tsagar katako yana shafa mai, abincinsa na gefe a rufe. Sallau ya tsaya ya kalle shi sosai. Suka yi sallama, wannan kam ba ta buƙatar tafinta. Kafin a roƙe shi dattijon ya ɗaga katakon ciki da kansa, wurin a bushe.

"Tambaye shi me jirgin yake ci," in ji Sallau.

Zulai ta danne dariya ta tambaya. Makame ya nuna sama, ya hura iska da baki.

"Yana harbi?"

Makame ya saurari fassara, bai ko murmusa ba ya amsa. Zulai ta ce, "Wai sai in an matsa masa da sauri."

Sallau ya miƙa hannu suka tafa. Da labari ya kai otal Injiniya ya dafe kai. "Awa uku a cikin kwamin shayar da shanu? Hajiya, kwana ɗaya fa ya rage." Hajiya ta ce, "Na ji." Amma muryarta ba ta da ƙarfi.

Washegari bayan asuba Sallau ya ƙwanƙwasa ƙofar yayarsa. A saninsa, ana ɗora wa jaki kaya ne yana tsaye a gida, ba a bin sa da kaya tsakiyar rafi. Ruwa ya tafi kiwonsa, jirgin Makame na zaune a busasshen yashi. Ya riƙo hannun Hajiya a hankali har gindinsa, ya aro benci a wajen mai shayi ya kafa, ta taka, ta zauna a ciki da dardumarta da butarta. Ko tafin ƙafarta bai jiƙe ba. Sai dai babu ruwa ko na alwala a kusa. Tsohuwa a cikin jirgi, jirgi a kan tudu, rana na fitowa. Turawa masu gudun safe suka riƙa tsayawa suna ɗaukar hoto. Zulai ta ja mayafi ta rufe fuska. Injiniya ya zo ya gani, ya ce shi ba za a yi wannan abin kunya da shi ba, zai bi farin jirgi ya jira su a can.

Makame ya iso, ya dubi Hajiya, ya dubi benci, ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Da ya share ido ya yi magana. Zulai ta sauke mayafi. "Kawu, wai shekara arba'in yana goya tsofaffi a baya cikin ruwa, bai taɓa tunanin haka ba." Sallau bai ga abin mamaki ba. Wajen hantsi ruwa ya dawo, ya zagaye jirgin, ya ɗaga shi sannu kamar ana ɗaukar jariri mai barci. Hajiya ta ce, "Af, har mun tashi?"

Sun yi rabin hanya sai ga farin jirgi ya juyo a guje. Injiniya na jiƙe sharkaf, ya rataya kai a gefe, babu tabarau babu gyaran murya. Ya ɗaga hannu yana ihu, "Ku koma! Ba tudu! Muna isa ruwa na cinye shi!" Jirgin ya wuce da shi, don wasu fasinjojin na jiran Mai Firen a gaɓa.

Zulai ta dubi mahaifiyarta. Hajiya ta sunkuyar da kai tana murza carbi. Sallau ya ce, "Yaya, a koma?" Ta ɗago ta ce, "Kai ka zaɓo jirgin. Mu je."

Suka isa, ba komai sai ruwa shuɗi ko'ina. Makame ya jefa ƙarfen da ke tsayar da jirgi, ya hura gawayi ya gasa kifi, suka ci, suka yi azahar a zaune. Can sai Makame ya taɓa kafaɗar Sallau ya nuna. Wani farin abu ya ɓullo kamar faifai. Ya zama kamar tabarma, ya zama kamar tsakar gida, fes, babu sawun ko tsuntsu. Makame ya tura hancin jirgi har kan yashin, Sallau ya sauka ya sauko da yayarsa kamar buhun auduga.

Lokacin la'asar ya yi. Hajiya ta shimfiɗa darduma, Makame ya nuna mata alƙibla. Ta dubi ruwan da ya kewaye su, tsoro ya ɗan kama ta. "Sallau, tsare min ruwan nan, kada ya zo sai na idar."

Sallau ya je bakin ruwa ya tsaya, ya buɗe hannuwa biyu, ya ɗaure fuska. Ruwa ya ja baya taku ɗaya. Ya matsa masa, ya ƙara ja. Zulai ta toshe baki tana dariya hawaye na zuba, Makame ya cire hula ya riƙe a ƙirji. Hajiya ta yi raka'a huɗu, a tsaye, ta kai goshinta kan darduma a bisa yashin nan mai sanyi, ta daɗe ba ta ɗago ba.

Da ya ji ta yi sallama, Sallau ya waiwayo, hannuwa har yanzu a buɗe. "Yaya, in sake shi?"

"Riƙe shi tukuna," in ji Hajiya. "Ban yi maka addu'a ba."