Keken da Na Zaɓo wa Malam

Me ya hana ni duba bayan keken nan? Shekara guda da rasuwar Malam, maigidana, ina kuka ina tambayar kaina.

Tun da ya faɗi da tsohon kekensa a hanyar fadama ya karya hannu, tsoro ya shige shi. Hannu ya warke, shi kuwa yana zaure, albasa tana jiransa a gona. Zaman nan ya hana ni sukuni. Na yafa mayafi sai kasuwar Boɗinga in sayo masa sabon keke, ni da ban taɓa taka feda ba.

Mai kekuna ya nuna mini irin na kowa, na ƙi. Na matsa taya, na ja birki kamar tsohon bakanike, na nuna wani ja mai kaurin taya.

"Inna, wanga na hawan tsauni ne."

"Abin da ya hau tsauni, yashin garinmu Kajiji zai kayar da shi?"

Malam ya zagaya shi sau biyu a ƙofar gida. "Madalla. To ina zan aza buhun albasa? Bisa kanki?"

Ashe ba shi da kariyar ɗaukar kaya. Maƙwabta suka yi dariya har da riƙe ciki. Ya hau kam, yana gaba, ina biye da kwando a ka.

Ranar da zai cika, ina riƙe da hannunsa, ya ce, "Likkafani dai ki bar ƙanena ya sayo. In ke ce, sai ki zaɓo mai kyan gani, ƙafafuna a waje."