Yadda Za Ka Rubuta Direban Sautin da Ba Ya Taɓa Yin Laifi

Idan kai mai rubuta manhaja ne, kuma ka gaji da ganin jan layi a allon Oga da sunanka a gefensa, to gyara zama. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan yadda na jero su, aikinka ba zai sake kawo kuskure ba har ka yi ritaya. Ka lura da kyau, ban ce zai yi aiki ba. Cewa na yi ba zai kawo kuskure ba, kuma a ofis irin namu wannan ake kallo.

Ba ni na ƙirƙiro hanyar ba. A wurin gwaninta na gan ta, wani abokin aikina da teburinsa ke jingine da nawa, wanda muke kira Lafiya-Lau. Kamfaninmu yana haɗa wata 'yar na'ura mai girman tafin hannu, wadda ke karanta wa makafi saƙonnin wayarsu da murya. Shi aka ba direban sautinta. Abin da ya yi da shi ne zan koya maka.

Mataki na ɗaya: Ka san abin da kake shirin ɓatawa

Direban sauti ba ya tuƙa komai. Ɗan aike ne kawai da ke zaune tsakanin babbar manhajar na'ura da lasifika. A ce masa kai wannan muryar ga lasifika, ya je, ya dawo da amsa. Amsar lamba ce. In ya dawo da sifili, ma'ana murya ta fita, an ji. In ya dawo da lambar da ke ƙasa da sifili, akwai matsala, kuma kowace matsala da tata lambar: wata na nufin lasifika na cikin wani aiki, wata na nufin ba a same ta ba sam, wata kuma an jira ta har an gaji.

Masu tsoron Allah a sana'ar nan sukan duba kowace lamba su miƙa ta sama yadda ta zo. Ita kuwa manhajar sama, in ta ga kuskure, sai ta girgiza na'urar a hannun mai ita don ya san akwai saƙo, ta sake gwadawa, ta bar saƙon a matsayin wanda ba a karanta ba tukuna.

Irin waɗannan mutanen su ne na ƙarshen tashi daga aiki, kuma ban taɓa ganin hoton ɗayansu a bangon ofis ba. Kada ka zama cikinsu.

Mataki na biyu: Ka kama sifili, kada ka sake shi

A bakin ƙofar Oga akwai wani ƙaton allo. Duk safiya kwamfuta takan gwada aikin kowa da kanta, wanda ya wuce ya fito kore, wanda ya faɗi ya fito ja. Layin Lafiya-Lau ya daɗe yana ja saboda matsala guda. In aka zare iyafis, wato abin sauraro na sawa a kunne, yayin da na'urar ke barci, to in ta farka lasifika ba ta amsawa, direba ya dawo da lambar kuskure. Ya yi ta nema bai gano dalili ba. Oga kuwa kullum sai ya zo ya tsaya a kansa da kofin shayi, yana tambayar yaushe za a ga kore, don ranar fitar da kaya ta matso.

Wata ranar Talata bayan cin rana na ji ya yi wata 'yar dariya shi kaɗai. Na leƙa. Ya je ƙarshen kowane sashe na direban, inda ake mayar da amsa, ya goge abin da ke wurin ya rubuta sifili. Lasifika ta amsa, sifili. Ta ƙi amsawa, sifili. A ciro ta a jefa a kwata, sifili. Washegari layinsa ya fi ganyen damina kore, Oga ya dafa kafaɗarsa a gaban kowa.

Kada zuciyarka ta dame ka. Je ka gaida majinyaci a gadon asibiti, ga robar ruwa a hannunsa, ka ji in bai ce maka lafiya lau ba. Wannan ita ce tarbiyya. Don me na'urar da kai ka raina za ta fi mutum rashin kunya, tana faɗa wa manya abin da ke damunta?

Mataki na uku: Share sawunka

Akwai layin da ke rubuta kowane kuskure a rahoto don masu gyara. Cire shi, ka ce yana cin batir. A gurbinsa ka bar ɗan bayani mai ladabi: a duba daga baya. Na shekara ina aiki a nan, ban ga wanda ya taɓa isa daga baya ba.

Mataki na huɗu: Yi maganin mai gwaji

Kowane ofis yana da mutum guda da bai yarda da allo ba. Namu mace ce, shugabar masu gwaji, muna kiranta Alƙaliya saboda ba ta da ɗan gida. Ita da kunnenta take gwaji. Ta zo teburin Lafiya-Lau da na'ura a hannu ɗaya, iyafis a ɗayan, ta bar ta ta yi barci, ta zare, ta tura mata saƙo. Fitilar jikin na'urar ta yi kore, alamar an karanta. Murya ko tari.

Ga abin da za ka yi. Da farko ka ce a wurinka yana aiki. In ta ce ka nuna, ka ce taka na'urar tana caji. In ta ja kujera ta zauna jiran cajin, kamar yadda Alƙaliya ta yi, ka tuna cewa kana da taro.

A wurin taron kada ka musanta komai, tambaya za ka yi. Lafiya-Lau ya tambaya cikin sanyin murya ko gwajin kwamfuta ya wuce. Aka ce ya wuce. Ya tambaya mutum nawa ne a duniya za su zare iyafis daidai lokacin da na'ura ke barci. Ya ƙara da cewa shi bai ce wani na kawo cikas ba, amma dai ranar fitar da kaya ba ta jiran kowa.

Alƙaliya ta dubi Oga ta ce, "Yallaɓai, makaho ba ya ganin koren fitila. In ta yi shiru, shi a wurinsa babu saƙo ke nan."

Oga ya ce magana ce mai kyau, a sa ta cikin ƙananan abubuwan da za a duba a fitowa ta gaba. Kafin ƙarshen wata aka mayar da ita gwajin caja, inda aka ce ana buƙatar mai natsuwa irinta.

Mataki na biyar: Kai wa surukinka ɗaya

Aikin da ba a yi alfahari da shi a gidan surukai ba, kamar ba a yi shi ba ne. Surukin Lafiya-Lau tsohon malamin makaranta ne, yanar ido ta rufe masa idanu biyu, sunansa na cikin layin masu jiran aikin ido a asibiti. An gaya masa za a turo ranar ta saƙon waya, ya amsa cewa zai zo, in bai amsa ba a ba na bayansa. Kafin nan 'yarsa, matar Lafiya-Lau, ita ke biyawa ta gidan in ta taso daga aiki, ta zauna a hannun kujerarsa ta karanta masa duk abin da ya shigo.

Zaɓi ranar da yayyen matarka suke gidan. Haka gogan ya yi. Ya buɗe kwali a tsakiyar falo, ya ɗora na'urar a tafin Baba, ya sa aka turo saƙo, murya ta karanta tar. Ya bari sai da aka gama mamaki, sannan ya ce ai muryar nan da suke ji shi ya buɗe mata baki. Baba ya yi ta shafa na'urar yana sa masa albarka. A hanyar gida Lafiya-Lau ya ce wa matarsa ta huta da wannan zirga-zirgar, yanzu Baba ya tsaya da ƙafarsa, kuma dattijo ba ya son a riƙa karanta masa sirrinsa. Ta ga gaskiyarsa, ta rage zuwa.

Kada ka tambayi yadda tsohon zai yi amfani da ita. Da gogan ya tambaya, da ya ji cewa Baba da iyafis yake sauraro saboda hayaniyar jikoki, kuma in barcin rana ya ɗauke shi, mai ɗakinsa takan zo ta zare masa a hankali, ta naɗe igiyarsa ta ajiye a kan tebur.

Mataki na shida: In abu ya fashe, ka duba ko'ina ban da teburinka

Saƙon asibiti ya zo. Na'ura ta farka, ta miƙa wa direba murya, lasifika ta ƙi amsawa, direba ya dawo da sifili. Manhajar sama ta yarda da shi, don ba a koya mata zargi ba. Ba ta girgiza ba, ba ta sake gwadawa ba, ta sa alamar an karanta. Baba yana zaune da ita a cinyarsa yana jira.

Da jiran ya yi yawa, 'yarsa ta nemi izini a wurin aiki ta je asibiti tambaya. Ma'aikacin ya juyo mata da allonsa ta gani da idonta: an tura, an karanta, ba a amsa ba. An yi wa wani aikin a ranar Baba, shi kuma sunansa ya koma ƙarshen layi.

Yanzu ka natsu, don a nan ake gane gwani. Ka fara da ɗora wa sabis laifi. In bai ci ba, ka koma batir. Daga nan jikoki, ai yara ba sa barin abu. In duk an ture waɗannan, ka sassauta murya ka ce kunnen tsufa sai haƙuri, wataƙila ta karanta bai ji ba.

Wannan na ƙarshen ne ya ja wa Lafiya-Lau. Washegari matarsa ta wuni a gidan ubanta tana kallon yadda ake yi, har ta ga uwarta ta zare iyafis. Da yamma ta dawo da na'urar, ta ajiye a gabansa kusa da farantin abinci, ta sa iyafis, ta jira ta yi barci, ta zare, ta tura saƙo daga wayarta. Suka zauna suna kallon koren fitila. Ta tambaye shi ko shi ma kunnen tsufa ne ya kama shi. Sannan ta tambaya ko ya san da wannan kafin ya kai wa Baba. Ya ce ai abin yana da sarƙaƙiya, sai wanda ke cikin sana'ar. Ta ce ta gane, ta tashi ta ɗauko jaka.

Shi da bakinsa ya ba ni labarin nan, yana neman in taya shi ganin rashin adalcin mata.

Mataki na bakwai: Gano matsalar da kanka

Koke ya fara zuwa ofis daga wasu masu saye. Kada ka jira a bincika. Ka shiga wurin Oga da fuskar wanda bai yi barci ba, ka ce ka gano wata muguwar matsala mai zurfi a sashen sauti, kuma a ba ka mako guda. Ka koma teburinka ka mayar da layukan da ka goge. Sauran kwanakin ka riƙa dafe kai kana kallon allo.

Matsalar lasifika tana nan yadda take, wani aka ba ya gyara. Amma yanzu na'urar tana girgiza in ta kasa magana, kuma aka kira wannan babban gyara. Aka ba Lafiya-Lau shugabancin sashen inganci, da kujera mai juyawa. Alƙaliya a ƙarƙashinsa take, shi ke sa hannu a takardar hutunta.

Mataki na takwas: Je ka gaida Baba

Ba makawa sai ka je. Ɗauki sabuwar na'ura mai gyara, ka durƙusa sosai. Lafiya-Lau ya tarar da shi a baranda, 'yarsa na zaune a hannun kujera da waya. Ya yi bayani mai tsawo a kan yadda fasaha take, ya ce wannan sabuwar ba ta da wannan halin, ya miƙa.

Baba bai buɗe hannu ba. Ya bari ya gama tsaf, sannan ya ce, "Ɗana, na daɗe ina koyar da yara. Wanda zai ɗaga hannu ya ce malam ban gane ba, bai taɓa ba ni wahala ba. Mai gyaɗa min kai ne ba na sanin halin da yake ciki sai ranar jarrabawa. Ɗauki kayanka. 'Yata za ta riƙa karanta min. Ita in rubutu ya fi ƙarfinta takan faɗa."

Lafiya-Lau ya tambayi matarsa a hankali yaushe za ta koma gida. Ta ce ranar da Baba ya ga fuskarta.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da zai same ka, ko na'urarka, ko surukinka, ko aurenka. Bai ce ka goge komai ba, kuma in aka tambaye shi zai ce bai san ka ba. In ka wayi gari kana wanke kwanon da ka ci jiya don ka ci na yau, kada ka jawo sabuwar kujerarka zuwa teburina kana neman shawara. Layin asibitin nan dogo ne, kuma ba ni na kai Baba ƙarshensa ba.