Rasuwar Gwamma-da-Jaki, Motar Rabe na Kurfi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwan da har yau baƙin mai bai fita ba, iyalan Malam Rabe direba na Kurfi suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa tura ta cikin yashi, rasuwar motarsu, wadda aka rubuta wa Dogara ga Allah a goshi amma duniya ta fi saninta da Gwamma-da-Jaki. Ta cika ranar kasuwar Dutsin-Ma da ta wuce, bayan azahar, a gindin wata tsamiya, bayan doguwar jinyar ƙishirwa. Maniru, taubashin mai gida, shi aka ɗora wa rubuta wannan sanarwa, ya kuma yi alkawarin riƙe dariyarsa har ya kai ƙarshe.

An haifi marigayiya a ƙasar Turawa, a shekarar da ba ta taɓa yarda ta faɗa ba. Aurenta na fari da wani Kwara, Balaraben kanti mai sayen gyaɗa a Katsina ne, ya sake ta da ta fara tari. Rabe ya kwaso ta bazawara ana gab da samun mulkin kai, bayan ya sayar da bijimansa na noma da gonarsa ta fadama ya biya sadaki. Tun daga ranar ita ce gonar, ita ce bijiman, ita ce tuwon gidan.

Mai haƙuri ce, kowa shaida ne. Ta ɗauki geron Barkiya da waken Karofi, da awaki, da mata masu goyo, da wani tsoho da ya ƙi rabuwa da turminsa, ba ta taɓa cewa ta cika ba. Ba ta taɓa kaɗe rai ba, domin ko kaza takan tsallake titi, ta tuna ta yi mantuwa, ta koma ta ɗauko, marigayiya ba ta iso ba. Da safe idan aka murɗa mata ƙarfen tayarwa takan ce gur, gur, gur, ta yi shiru tana tunani, sannan ta ce tuf! da ƙarfin da ke watsa tumakin unguwa. Odarta kuwa, fam-fam, ba za a sake jin irinta ba. Da la'asar takan kwanta a rakuɓen gida, dab da ƙofar ɗakin Inna Turai, mahaifiyar Rabe, wadda sanyin ƙashi ya zaunar tun damina biyu baya.

Ciwon ajali ya fara a bara, bayan girbi. Rabe zai cika lagireto da ruwa, ya je Dutsin-Ma ya dawo lafiya lau, ya ajiye ta ya tafi masallaci. Gari na wayewa ya buɗe murfi, ƙayau! Ya durƙusa ya duba ƙasa, ko ɗigo babu. Ya shimfiɗa toka a ƙarƙashinta, da safe toka busasshiya, sai dai sawun tsintsiya, ya ce Allah ya yi wa matarsa Yahanasu albarka da tsabta.

Aka kai ta wurin Sabi'u bakanike a Dutsin-Ma. Ya matsa tiyo na sama da na ƙasa, ba tsaga. Ya zaro sandar baƙin mai ya duba ko ya koma kamar kunun gyaɗa, alamar ruwa na shiga inji, ya tarar da shi baƙi wuluk. Ya sa tafin hannu a bakin salansa yana neman farin hayaƙi, ya samu baƙi, har cikin hanci. Ya kwance lagireto ya cika shi ya rataye a reshen bedi wuni guda, bai zubar da komai ba, amma don kada a ce bai yi aiki ba ya liƙe shi da dalma a wuraren da ba su huje ba. Masu shawara suka shigo. Aka zuba mata garin barkono, aka zuba farin ƙwai, wani ya kawo garin kuka, har ta kai idan ta yi zafi fasinja na tambayar ina tuwon. Kawun Rabe, Malam Garba mai makaranta, ya yi tofi a ruwa aka ɗura mata. Abin mamaki, daga ranar tofin sai ciwon ya ninka.

A ƙarshe Sabi'u ya goge hannu ya ce wa Rabe motarsa ba ta yoyo, ko aljani ke sha ko mutum. Ran Rabe ya ɓaci matuƙa, don ya daɗe yana zargin wasu direbobin tasha da hassada. Ya dafa marigayiya a gaban 'yan kamasho da masu talla, ya rantse da Allah cewa ko wane ne, da hannunsa zai kai shi gaban alƙali.

Ranar da za ta cika, ya shayar da ita da safe ta ƙoshi, ya yi sawu ɗaya, ya biyo gida da rana ya ci ɗumame ya yi azahar. Da yake ya san da hantsi ya cika ta, bai buɗe murfi ba. Ya kwashi fasinja ya kama hanya. Ba su yi nisa da gari ba ta fara cewa kwas, kwas, kwas, wari ya tashi, ta ce fiiiii, ta yi wata doguwar ajiyar zuciya, shi ke nan. Sabi'u ya zo kan keke ya ɗora kunne, ya ce inji ya buga, sai haƙuri. Rabe ya yi kuka da hawaye, ya zagi ɓarawon ruwa tun daga kakanninsa.

Washegari aka zauna karɓar gaisuwa. Abin da ya ɗaure wa maza kai shi ne yawan tsofaffin mata, wasu daga ƙauyukan da marigayiya ba ta taɓa takawa ba, kuma kukansu ya fi na mai mota. Can sai Gwaggo Adama ta Wurma, wadda kunnenta ya yi nauyi har ba ta san tana ɗaga murya ba, ta tsaya a bakin zaure ta ce:

"Rabe, sannu da rashi. Jiya-jiyan nan da rana aka cika mani tulu, ashe na bankwana ne. To yanzu ina za mu riƙa samun ruwan ƙarfe?"

Rabe ya tashi ya shiga gida, mu taubasai muna biye, don irin wannan ba a bari a ba ka labari. Yahanasu ta ja mayafi ta rufe fuska, zance ya fito tiryan-tiryan. Inna Turai 'yar maƙera ce, ta tashi ta ga ana gasa gaɓoɓi da ruwan da aka kashe jan ƙarfe a ciki. Ta taɓa ganin ɗanta ya murɗa wani ɗan famfo a gindin lagireto ruwan zafi ya zubo, sai ta ce ai ga maƙera ta zo har ƙofar ɗaki. Kullum ya tafi masallaci sai ta sa Yahanasu ta tara ƙwarya, ba a yarda ɗigo ya faɗi ƙasa ba, a share wurin tas. Surukar kirki ba ta musu da uwar miji, ba ta kuma kai ƙararta. Da labarin tofin Malam Garba ya bazu, sai mata suka fara zuwa da tuluna.

Rabe ya tsaya tsakar gida, rantsuwa a wuya, baki a buɗe. Inna Turai tana zaune kan tabarma. Da yake ɗan fari ne ba ta kama sunansa, sai ta ce:

"Kai mai mota, an ce ka rantse. To ni ce. Ba ka yin kaffara saboda ni, mu tahi wurin alƙalin."

Ta dafa ƙasa, ta dafa bango, ta miƙe. Ta saki bangon. Ta tako tsakar gida da ƙafafunta, ta wuce turmi, ta wuce randa, ta zo ta tsaya gabansa tana gyara ɗaurin zane. Ashe ta kwana biyu tana gwada tafiya cikin ɗaki, kunya ta hana ta nunawa. Ko ruwan ne, ko barkonon, ko tofin, ko lokacin sauƙi ne ya zo, likita bai faɗa mana ba. Rabe ya zube ya kama ƙafafun nan yana kuka yana dariya, abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Inna, da kin faɗa mani, ai da na riƙa ƙara ruwa."

Marigayiya ta bar miji ɗaya, da tayoyi huɗu waɗanda biyu daga cikinsu sun riga ta tsufa, da jak, da bokitin shayarwa, da tsofaffi masu ciwon gwiwa da ba su ƙirguwa.

Malam Garba ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, amma ana yi wa rantsuwa kaffara, don haka ranar Juma'a bayan an sauko za a ciyar da miskinai goma a ƙofar gidan Rabe. Taubasai ba sa ciki, ko da sun yi shigar tsumma. Daga nan za a ara bijimai a jawo gawa daga gindin tsamiya zuwa bayan gida, inda kaji za su gaje ta. Ana roƙon mata kada a zo da tulu. Inna Turai ce za ta tari gawar a bakin gari ta ja gaba da ƙafa, saboda haka tafiyar za ta yi nawa ƙwarai. Rabe ya ce mai sauri ya wuce abinsa, shi dai yana bayan tsohuwarsa.